Nasiha ga Matasan Saboba Masu Shirin Hawa Duwatsun Tama

'Ya'yana da jikokina na zangon Saboba, da 'yan'uwanku na Yendi da Salaga da Bawku.

Labari ya iso mini cewa kun ɗauko wata sabuwar al'ada. Ranar da babu aiki ko makaranta sai ku haɗu, ku fita bayan gari da yamma, ku taka daji da ƙafa, ku hau tudu ku sha iska. An ce yanzu ma idonku ya kai kan duwatsun da ke iyakarmu da Togo, wajen Sheini da Banjeli, inda mutanen da suka haƙi tama suka fitar da ƙarfe. Wasu dattawa da suka ji sun ce zaman banza ne ya kawo haka, wai mai abin yi ba ya hawa dutse don kallo. Ni ban bi bayansu ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yaron da ya san ƙasar da yake takawa ya fi wanda bai san komai ba sai fuskar wayarsa. Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Sai dai ina da 'yan kalmomi da nake so ku haɗa da guzurinku.

Da farko ku san inda za ku. In aka haye kogin Oti aka nufi kudu maso gabas, ƙasa takan fara tashi, shimfiɗaɗɗen filin da kuka saba da shi ya koma tuddai da kwazazzabai, har a shiga ƙasar Basari. Mutanen nan iyaka ta ratsa tsakiyarsu: a Gana babban garinsu Tatale, a Togo kuwa Bassar. Harshensu ɗan'uwan harshen Konkomba ne, maƙwabtanku da kuke cin kasuwa ɗaya da su. A ƙasarsu dutsen Banjeli yake, wanda jikinsa tama ce mai kyau, kuma saboda ita yankin ya shiga sahun manyan wuraren sana'ar ƙarfe na Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa. Wani masanin tonon kufai ɗan Amurka, Philip de Barros, ya fara bincike a can a farkon shekarun 1980. A wani kufai da ake kira Dekpassanware ya sami shaidar cewa ana aikin ƙarfe a wurin tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Daga wajen ƙarni na 14 sana'ar ta bunƙasa har ta fi ƙarfin bukatar gida, aka riƙa kai ƙarfe ƙasashen maƙwabta, musamman da masarautun Dagwamba da Gwanja suka kafu suna neman makamai da kayan doki da kayan noma.

Abin da ya fi burge ni a labarinsu shi ne tsari. Ba kowa ke yin komai ba. Mutanen Banjeli suka shahara da fitar da ƙarfe daga tama, mutanen Dimuri da ƙona gawayi, mutanen Bicabe kuma da ƙira. Wannan ya dogara da wancan, wancan ya dogara da wannan, kasuwa ta haɗa su. Murhunsu ginin yumɓu ne dogo, ya fi tsayin mutum, gindinsa da faɗi, bakinsa a tsuke. Ba a yi masa zuga-zugi. A gindin ake jera bututan yumɓu; zafi ya tashi ya fita ta sama, shi kuma ya jawo sabuwar iska ta cikin bututan, wuta ta yi ta ci da kanta dare da rana. Gawayi da tama ake zubawa hawa-hawa. Zafin yakan kai wajen digiri 1,200, wanda bai isa ya narka ƙarfe ba, domin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500 yake zama ruwa. Iskar da gawayi ke fitarwa ita ke raba ƙarfen da abin da ya haɗe da shi a cikin tama, ƙasa da tsakuwa su narke su gangara, ƙarfen kuma ya dunƙule wuri ɗaya. Wannan dunƙulen ake kai wa maƙera, su yi ta dukansa da masabar dutse a kan uwar maƙera ta dutse har ya tsarkaka. Abin da ya narke ya daskare kuwa shi ne kashin maƙera, baƙin abin nan mai ramuka-ramuka da za ku tarar tsibi-tsibi a gindin tuddai, wani tsibin ciyawa ta rufe shi har ka ɗauka tudu ne na Allah.

Ku dubi wannan da kyau. Mutanen da ba su da ma'aunin zafi, ba su da littafin kimiyya, sun san yawan gawayin da zai ishi tama, sun san yadda za su karkata bututu, sun san launin harshen wutar da ke nuna aiki ya nuna. Da ƙarfen nan aka ƙera garma da fartanya da gatari. Doyar da ƙasar nan ta yi suna da ita, wadda Konkomba ke lodawa a manyan motoci zuwa Ankara, ba ta yiwuwa sai an tara ƙasa tuli-tuli, kuma ba a tara ƙasa da hannu. Duk wanda ya ci sakwara a wannan yanki yana da bashin godiya ga masu murhun nan.

Mu Hausawa kuma ba baƙin wannan labari ba ne. Birnin Kano kansa a gindin dutsen tama ya tsiro. Ruwayar da aka gada tana cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a wajen Dala, ya zauna. Sannan kakanninmu fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da suke fataucin Gwanja, ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ƙasar Basari ta bi. Su taso daga Kano da kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna, su yi watanni a hanya, su yada zango nan da can, har su sauka Salaga su sari goron da ya fito daga kurmin Tonawa. Zangunan da kuke zaune a cikinsu yau, daga Yendi har Bawku, jikokin waccan tafiya ne. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya ƙarasa rayuwarsa a Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. To, in kun taka hanyoyin tuddan nan, sawun kakanninku kuke bi.

Amma akwai ɗaya gefen labarin, kuma dattijon da ya ɓoye muku shi bai kyauta muku ba. Kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba, an sayar da mutane. Bayan Tonawa sun rinjayi Dagwamba a tsakiyar ƙarni na 18, sun ɗora musu harajin bayi, aka riƙa kai hare-hare kan al'ummomin da ke gefe, har da Basari da Konkomba. Mutane da yawa sun bar filaye sun koma gindin duwatsu don su tsira. Cikin masu saye a kasuwa kuwa har da namu. Ban faɗi wannan don in fama tsohon miki ba. Na faɗa ne don ku shiga ƙasar mutane da kanku a ƙasa, kuna sane da cewa dutsen da ku kuke hawa don nishaɗi, kakannin wani sun hau shi ne da gudu, da goyo a baya.

Daga baya Jamusawa suka zo, suka gwabza da Dagwamba a Adibo a 1896, Yendi da Saboba da Bassar duk suka shiga ƙarƙashin tutarsu. Yaƙin 1914 ya kore su, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ta haɗa ɓangarenmu da ƙasar da ta zama Gana a 1957. Haka gida ɗaya ya koma ƙasa biyu. Murhun tama kuma a hankali ya yi sanyi, domin ƙarfen Turai da ɓaraguzan motoci sun fi araha kuma sun fi sauƙin samu. Wajen farkon shekarun 1950 wutar ta mutu. A tsakiyar shekarun 1980, da wasu masu bincike suka so ɗaukar hoton yadda ake aikin, sai da aka nemo tsofaffin Banjeli suka sake gina murhu daga abin da suke iya tunawa. Ilimin da ya rayu fiye da shekara 2,000, cikin rayuwar mutum ɗaya ya kusa ɓacewa.

Yanzu ga maganar tafiyar kanta. Shawarata ita ce ku yi koyi da ayarin kakanninku, domin su ba su taɓa fita kara zube ba. Ayari yana da madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Yana da jagaba, wanda ya san hanya yake shiga gaba. Yana da uban dawaki mai kula da kaya da tsari. Yana da malami mai riƙe lissafi da addu'a. Addininmu ma ya koyar da cewa matafiya ko su uku ne su naɗa shugaba. Ku zaɓi madugunku tun a gida, mai sanyin rai wanda in ya ce a juya za a juya, ba wanda ya fi kowa ƙarfin ƙafa ko ƙarfin murya ba. Jagaba kuwa kada ya fito daga cikinku. Ku nemi ɗan garin da za ku, wanda ya yi farauta ko kiwo a dutsen, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki mai tsanani ba. Taswirar cikin waya ba ta san inda tsohon rami yake ba, ba ta san kurmin da ba a shiga ba. Ku kuma sa mutum ɗaya mai ƙarfi a can baya, da sharaɗin kada kowa ya kasance a bayansa. Ku ƙirga kanku kafin tashi, ku ƙirga a kan dutse, ku ƙirga bayan saukowa.

Tafiyar taro da ƙafar mai rauni ake auna ta. Na san jinin ƙuruciya, kowa yana so a ce shi ya riga kai ƙololuwa. To wanda ya riga kowa ya bar ƙanwarsa tana haki a baya, bai ci komai ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ku 'yan mata kuma, ku nemi izinin iyayenku a fili, ku tafi da wata yaya ko gwaggo da za ta zama uwar tafiya. Ku sa sutura mai rufe jiki wadda ba za ta harɗe ƙafa ko ta kama ƙaya ba. Kowa, namiji da mace, ya sa takalmi mai rufe ƙafa. Silifa na masallaci da kasuwa ne.

Lokaci shi ne abin da ya fi cin masu tafiyar yamma. A nan ƙasarmu rana takan faɗi wajen ƙarfe 6, da damina da rani bambancin kaɗan ne, kuma da ta faɗi duhu ba ya jira. Daga Saboba zuwa gindin waɗannan duwatsu tafiya ce mai ɗan nisa, hanyar kuma ba ko'ina take da kyau ba, saboda haka ku yi sammako ku isa garin da za ku kafin azahar, ko ma ku kwana a Tatale. Ku gaisa da mutane, ku yi salla, ku huta, sannan ku fara hawa wajen ƙarfe 3 in rana ta karya. La'asar ta same ku a hanya, ku tsaya ku yi ta cikin jam'i. In ruwa ya yi ƙaranci, Allah ya sauƙaƙa mana da taimama. Ku yanke lokacin juyowa tun kafin ku tashi, kada ya wuce ƙarfe 4 da rabi, ko kun kai sama ko ba ku kai ba. Dutse ba ya gudu, gobe ma yana nan. Ku tuna saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji, tsakuwa kuma tana mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. Duk da haka kowa ya riƙe tocila, kada ku dogara da hasken waya.

Cikin shekara kuma akwai lokacin da ya dace. Watannin Agusta da Satumba Oti yakan cika ya batse, hanyar Yendi kanta takan yanke, ciyawa ta fi mutum tsayi. Maris da Afrilu kuwa zafi yakan haura digiri 40, ko a inuwa mutum yana neman numfashi. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi, lokacin da hunturu ya sauko, ƙasa ta bushe. In tafiyarku ta haɗa da haye kogi, kada ku cika kwalekwale fiye da yadda mai shi ya ce, kada kuma ku haye bayan magariba. Kowa ya ɗauki ruwan da bai gaza lita 2 ba, ya riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama shi, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da gumi ya nuna ba. Ƙuliƙuli da gyaɗa da dabino sun isa guzuri. Ledar ruwan da kuka sha, ku mayar da ita jaka ku dawo da ita. Akuyar wani za ta iya haɗiye ta ta mutu.

Kafin ku bar gida ku sanar da sarkin zango ko liman inda za ku, da sunayenku, da lokacin da za a sa ran ganinku. A bakin iyaka waya takan ɗauke, wani lokaci ma ta koma layin Togo ta cinye kuɗin mutum. In za ku shiga Togo, ku bi ta ƙofa, wato mashigar hukuma da ke Tatale, kowa da katinsa na ɗan ƙasa ko fasfo. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba mu damar zirga-zirga, amma da takarda a hannu. Ko da manomi yana tsallakawa gonarsa kullum ba mai tambayarsa, ku taron baƙi ne, kuma zamanin nan jami'an tsaro a farke suke saboda matsalar tsaro can arewa. Ku tambayi halin da hanya take ciki kafin ku tashi. 

In kun isa, gidan sarki ne farko, da goro a hannu. A ƙasashen nan, bayan sarki akwai mai ƙasa, wanda Dagwamba ke kira tindana, shi ke kula da wuraren da mutanen garin suke girmamawa. In aka ce muku wannan kurmi ba a shiga, ko wancan dutse ba a zama a kai, ku ce to. Mu Musulmi ne, ba ma bauta a wurin, kuma ba wanda ya ce ku yi. Amma addininmu bai ba mu izinin yi wa abin da wani yake girmamawa ba'a ba. Kada ku ɗauki hoton mutum, ko gidansa, ko wurin al'adarsa sai ya yarda. Kada ku ratsa gonar doya ku rushe tuli, kada ku tsinki abin da ba ku shuka ba. In kun haɗu da Bafulatani da garkensa, ku yi sallama ku rage murya ku ba shanu hanya. Ku koyi gaisuwa ko guda biyu da harshen masu gari, za ku ga yadda fuska ke sakewa. Abin da kuka yi a can, da sunan zango gaba ɗaya za a rubuta shi, kuma 'yan kasuwarmu da ke cin kasuwannin nan su za su girbi abin da kuka shuka.

Ga maganar da nake so ku riƙe da hannu biyu: kada kowa ya shiga tsohon rami. Ko na tama ne, ko na zinariya, ko gajere ne a ido. Ramin da aka daɗe da bari, ruwan damina ya jiƙa bangonsa shekara da shekaru, gara ta cinye itacen da aka tokare shi da shi, ba ya bukatar fiye da nauyin mutum ɗaya ya rufta. A ƙasan rami mai zurfi kuma iska takan lalace, ba wari ba launi, mutum ya ji jiri ya faɗi, wanda ya bi shi don ya cece shi shi ma ya faɗi. Macizai da jemagu da ƙudan zuma duk can suke fakewa. Ku na Bawku, in kun nufi tuddan Nangodi a kan hanyar Bolgatanga, inda Turawa suka haƙi zinariya a shekarun 1930 kuma 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba da izini ba, suke bi har yau, wannan gargaɗi naku ne fiye da kowa, domin ramukan can sun fi zurfi. A 2009 rami ya rufta a Dompoase da ke yammacin Gana ya kashe mutum 18, akasarinsu mata. 'Yan'uwanmu na Jos kuma sun san kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu kwanciyar ruwa a sama da zurfin da ba a zato. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku tsaya nesa da baki ku kalla, jagaba ya ba ku labari, ya isa.

Maciji kuma, kububuwa ce ta fi yi mana ɓarna a wannan yanki, ga ta ƙarama, launinta ya saje da ƙasa, tana son gindin dutse, kuma da yamma take fara motsi. Kada ku sa hannu inda ido bai gani ba, kada ku juya dutse da hannu, kada ku zauna kan tsibin kashin maƙera ba ku duba ba. In tsautsayi ya faɗa, a kwantar da hankalin wanda aka sara, a cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ban da ɗaure wuri tamau, ban da tsagawa, ban da tsotsa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa ƙara ɓarna ce. Mutum zai iya jin sauƙi a daren farko alhali jini yana zuba a ciki, saboda haka kada a ce a bari a gani. Addu'a a baki, ƙafa a hanyar asibiti.

Sai wuta. Da rani ƙyastu ɗaya ya isa ya cinye daji da rumbunan mutane. Iyayenku suna tuna 1983, shekarar da fari da gobarar daji suka haɗu suka jefa Gana cikin yunwa, kuma tun 1990 akwai dokar da ta haramta cinna wa daji wuta. Ban da sigari, ban da gasa nama a kan dutse. In kun hangi wutar mafarauta tana tahowa, kada ku gudu sama, domin wuta ta fi sauri in tana hawa tudu. Ku nemi fili mara ciyawa, ko falalen dutse, ko inda ta riga ta cinye.

Bayan duk wannan, ku buɗe ido ku more tafiyarku. Ku koyi sunayen itatuwa: kaɗanya da ɗorawa da kuka kun san su, amma ku nemi a nuna muku maje da marke da maɗaci da ƙirya, wadda maƙeranmu suka fi son gawayinta. Ku ɗaga dutsen tama ku ji nauyinsa, ku kwatanta da dutsen banza. Ku nemi gutsattsarin bututan yumɓu a gefen tsibi, ku duba, ku ɗauki hoto, ku mayar inda kuka gani. Kada kowa ya sa ko ɓallin murhu a aljihu. In kowane baƙo ya ɗauki guda, jikokinku me za su tarar? Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun kula da irin waɗannan wurare nasu har hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2019. Ku zauna da tsofaffin garin ku tambaye su: wa ya haƙa, wa ya ƙona gawayi, ina aka kai ƙarfen, me kakanninsu suka ce game da fataken Hausa? Malamin ayarinku ya rubuta, da sunan wuri da ranar da aka je, da Hausa, a ajiye a makarantar zango.

Akwai kuma darasin da dutsen zai ba ku in kun tsaya a sama kun dubi ƙasa. Murhun tama mai cin itace ne, gawayin da yake lashewa ba kaɗan ba ne, kuma dajin ya biya kuɗin ƙarfen nan. Sana'a ce ta halal, ta ciyar da al'umma, duk da haka ta bar tabo. To ina ga abin da ake yi yau da injin yanka itace da motar tona ƙasa? Kun ga yadda aka kwashe madobiya daga dazuzzukan arewa aka kai ƙasar Sin. Kun ga kogunan kudu da galamse ya mayar ruwan kunu, da zaibar da ake wanke zinariya da ita tana shiga kifi tana shiga jikin mutane. A Zamfara, a 2010, gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400. Na san wasu abokanku sun bar makaranta sun tafi ramin zinariya, wani ya dawo da babur, kowa yana kallonsa. Ku tambayi waɗanda ba su dawo ba, da waɗanda suka dawo da tari.

Ba ina cewa ku guji arzikin ƙasa ba. Tamar Sheini tana nan kwance a gundumar Tatale, kuma a 2019 gwamnatin Gana ta kafa hukuma ta musamman don bunƙasa harkar tama da ƙarfe. Ko ba daɗe ko ba jima za a zo haƙarta. Ran da aka zo, za a bukaci mai auna ƙasa, da masanin duwatsu, da injiniya, da mai duba lafiyar ruwa, da lauyan da zai tsaya wa manoman da za a taɓa gonakinsu. Za a kuma bukaci masu dakon dutse a ka. Wanne za ku zama, yau ake yanke shi, a aji. Akwai jami'ar ma'adinai a Tarkwa, akwai jami'a a Tamale kusa da ku. Masu murhun Banjeli da sani suka fi maƙwabtansu, ba da ƙarfin damtse ba.

Saboda haka, 'ya'yana, ku naɗa madugunku, ku nemi jagabanku, ku sayi goron gaisuwa, ku gayyaci abokanku Konkomba da Basari da Dagwamba da Cakosi ku tafi tare, domin zumunci a ƙafa yake. Ku fita ku nawa, ku dawo ku nawa, ku kuma sauko daga dutse kafin a kira magariba. Iyaye kuma ina roƙonku, in yaran nan sun zo da tsari irin wannan, kada ku hana su. Ku binciki shirinsu, ku ƙara musu guzuri, ku sa musu albarka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya, ya sa abin da za ku gani ya amfane ku da na bayanku.